Godiya ga ofishin da ya saurare ni

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a, saboda wadda na yi a bakin ƙofarku ba ta ishe ni ba. Ku ne kuka tsara mana tafiyar hutunmu ta watan Satumba zuwa yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, ni da maiɗakina.

Kafin in zo wurinku, ofis uku na shiga. Buƙatata ba ta da yawa: mu hau duwatsu da ƙafa, mu kuma ga bikin sauko da shanu daga makiyayar kan duwatsu da mutanen can ke kira Almabtrieb. A ofis na farko dariya aka yi mini, wai me zan je nema a kan dutse. Na biyu suka turo mini jerin otal-otal na manyan birane, alamar ko sauraro ba su yi ba. Na ukun suka karɓi takarduna, na yi sati biyu ina kira, kullum sai a ce oga bai shigo ba. Wallahi har na fara tunanin haƙura.

Sai Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah a ofishinku. Malama, ke nake nufi. Tambayarki ta farko ita ce ko gwiwoyinmu na da lafiya, da kuma awa nawa muka taɓa yi muna tafiya a ƙasa. Kika buɗe taswira kika nuna mini cewa hanyoyin dutse a Tirol masu jar alama matsakaita ne, masu baƙa kuwa na ƙwararru ne, kika ce kada in kuskura in kai maiɗakina kan baƙa. Ke kika gaya mana yawancin masaukan kan dutse na rufewa daga ƙarshen Satumba, don haka kika matso da ranakunmu. Kika sa na ajiye lamba 140 ta masu ceto a dutse, da 112 ta kiran gaggawa. Maganar biza da inshorar lafiya ta yuro 30,000 da ake buƙata kuwa, a zama ɗaya aka gama.

Mun sauka a Insburuk, babban birnin Tirol, muka hau ƙaramin jirgin igiya zuwa kan dutsen Hafelekar, mai tsayin sama da mita 2,200. Rigar sanyin da kika dage sai mun saya ita ta cece mu. A kwarin Zillertal muka ga shanun suna saukowa, an yi musu ado da furanni, manyan ƙararrawa na kaɗawa a wuyansu har ƙirji na amsawa. Kin riga kin faɗa mana ba a yi wa garke ado sai idan ya gama kiwon bazara ba a rasa saniya ko ɗaya ba. Maiɗakina ta tsaya tana kallo, idonta ya ciko.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wurare da yawa suka mayar da wannan sana'a sayar da tikiti kawai. Mutum ya tara kuɗinsa shekara guda, ya zo da burinsa, a kalle shi kamar mai roƙo. A karɓi fasfonsa, a daina ɗaukar wayarsa. Har yau ofis na ukun nan bai kira ya ce in zo in karɓi kwafin takarduna ba.

Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka.

Naku,
Wani matafiyi