Wasiƙa a kan sunan Wangara

Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mutanen nan duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce a can Kumasi duk wanda ya ji sunanka na ƙarshe sai ya juya maka harshe da wani yaren da ba ka ji, yana ɗaukarka ɗan'uwansa, alhali kai iyakar saninka kakanka Bakano ne, mahaifinka kuma aikin masaƙa ya kawo shi Kakuri. Yanzu ga yara sun fara tambaya, ka rasa amsa. To, tarihin sunan Wangara daban, tarihin gidanku daban. Na farkon yana nan a rubuce, zan ba ka shi. Na biyun kuwa sai an tona, kuma ina roƙonka kada ka ɗauki na farkon ka lulluɓe na biyun da shi kafin ka sami hujja.

Sunan tsoho ne ƙwarai. Al-Idrisi, Balarabe masanin labarin ƙasa, ya ambace shi a 1154, yana nufin ƙasar da ake samo zinariya a yammacin Afirka. Daga baya ya zama sunan mutane: fatake da malamai Musulmi masu harshen Mande, daga daular Malle, waɗanda ke kai zinariya da gishiri da goro, suna tafe da littattafansu. A Timbuktu, malamin Ahmad Baba, wato Muhammad Bagayogo na ƙarni na 16, da al-Wangari ake yi masa nasaba, kuma zuriyarsa na riƙe da sunan da ɗakin littattafansu har yau.

Zuwansu ƙasar Hausa ruwaya biyu gare shi. Tarihin Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara a 1908, ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, su kusan arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite, aka naɗa limami da ladan da alƙali daga cikinsu. Ɗaya ruwayar ta su Wangarawan ce da kansu, Asl al-Wangariyyin, wadda aka rubuta a shekarar 1061 ta Hijira, wato wajen 1650, Dokta Muhammad al-Hajj ya fitar da ita a 1968. Ita ta ajiye isowar Zaite a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da al-Maghili ya zo Kano, ta kuma nuna wasu daga cikin ayarin sun tsaya a Gobir da Katsina. Tazarar ta haura shekara ɗari. Ni dai a ganina ba sai an ƙaryata ɗaya ba. Fatake ba sa zuwa rana guda, ayari ne ke bin ayari, sai masu ba da labari su tattara su duka su ɗora a kan sunan babban malami ɗaya.

Dalilin da ya sa sunan ya yi ƙaranci a wajenmu ya fi komai amfani gare ka. Wangarawan Kano ba su ɓace ba, Hausawa suka zama. Suka bar harshensu, suka yi auratayya, sunayen shugabanninsu suka koma sunayen unguwanni. Ka shiga cikin birni ka ji Mandawari, Sheshe, Zaitawa, ga kuma Madabo inda karatunsu ya kafu. Saboda haka jikan Bawangare na asali ya fi yiwuwa ka same shi yana amsa sunan unguwarsu, ko sunan mahaifinsa kawai, a kan ka same shi yana rubuta Wangara. A Bargu da ƙasar Gwanja abin ya sha bamban. A Nikki da Parakou da Jugu, cikin ƙasar Benin ta yau, unguwannin fatake sun ci gaba da zama daban da na masu ƙasa, da harshen Dendi suke ciniki, har unguwar 'yan kasuwa ta Jugu ma Wangara ake ce mata. A zangunan Gana kuma, kamar Kintampo da nan inda kake, Wangara ƙabila ce mai rai, da sarakunanta. Shi ya sa suke yi maka yare.

Sai ka tuna mu Hausawa ba mu gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Sunan yanka ne, sai na uba, sai laƙabi. Makarantar boko ce ta fara maƙala wa yara sunan garinsu don a bambance Muhammadu da Muhammadu a rajista. A haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina. Ɗantata kuwa daga Tata ne, matar da ta reni Alhassan a Bebeji, mutumin da aka haifa a 1877, ga shi yau sunan ya zama na zuriya guda. Galibin sunayen da muke ɗauka na kaka da kakanni ba su wuce hawa uku ko huɗu ba.

Don haka Wangara na iya shigowa gidanku ta ƙofofi da dama. Yana iya zama na jini, daga waɗancan malamai. Yana iya zama sunan gari, don akwai Wangara a ƙaramar hukumar Tofa ta jihar Kano, kuma wannan ce ƙofar da nake so ka fara rufewa ko buɗewa, tunda kakanka Bakano ne. Yana iya zama laƙabin fatauci: mutum ya yi shekaru yana bin hanyar goro, daga Kano ya bi ta Jega ko Yawuri, ya haye kogin Kwara, ya ratsa Nikki da Jugu har Salaga, ya dawo gida a riƙa kiransa da sunan inda yake sauka. Akwai kuma wadda mutane ba sa son a faɗa, ta barori da bayi da almajiran gida, waɗanda ke tashi da sunan maigida. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma in ita ce gaskiyar, ita za a rubuta.

Aikin yana farawa ne daga bakin tsofaffi, kuma da gaggawa, don su ne takardar da ba ta jira. Ka nemi aƙalla mutum uku daga ɗakuna daban-daban, a ciki lallai a sami mace, gwaggo ko kaka, don su suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya. Kowa ka zauna da shi shi kaɗai. In ka tara su, babban zai yi magana, sauran su ce haka ne, ka tashi da ruwaya ɗaya kana zaton uku gare ka. Kada ka ce, “Ashe mu daga Malle muke?” Duk wanda ka tambaya haka zai ce maka eh don ya faranta maka. Tambayar da za ka yi ita ce, wa aka fara kira da wannan suna, mece ce sana'arsa, ina aka binne shi, wace aska ce a fuskarsa, da su wa gidan ke wasan taubasantaka, mene ne kirarin da maroƙa ke yi musu ranar suna ko biki. Kirari ya kan riƙe sunan garin da mutanen gida suka manta. Ka naɗi murya a waya da izininsu, ka kwafe a takarda ran nan, ka sa sunan mai maganar da ranar.

Tsoho ba zai ba ka shekara ba, zai ba ka abin da ya faru. Kai za ka mai da shi lissafi. Zuwan Turawa Kano 1903 ne. Jirgin ƙasa ya iso 1911. Yunwar Kakalaba 1914, annobar mura 1918. Sarki Abbas ya yi 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna Janairun 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973. In gwaggo ta ce an haifi kakanka ana yunwa, yana ƙaramin yaro aka yi mura, ka sami shekararsa da kuskuren da bai wuce biyu ba.

Idan aka miƙo maka salsala, ka auna ta. Ka ba kowane hawa shekara talatin. Daga zamanin Rumfa zuwa yau shekara ɗari biyar ne da 'yan kai, wato wajen hawa goma sha bakwai ko sha takwas. Salsalar da ta kai ka ga Zaite da suna takwas ta yi tsalle, ko an zubar da sunaye a tsakiya, ko an ɗinka ƙarshenta da na wani gida mai daraja. Abin da ke jawo zubewar sananne ne. Ana mai da wa jika sunan kakansa, sai a sami Abdullahi biyu a jere da wani a tsakani, mai ƙidaya ya haɗe su ya mai da su mutum ɗaya. Ga kuma alkunya: matan gida ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari, sai ka ji Maigida, Babba, Malam, mutum ɗaya ya fito maka kamar uku. Maganinsa, kowane suna ka haɗa shi da na mahaifiya da wurin kabari.

Daga nan sai takardun gida. Tsohon Alƙur'ani na hannu da littattafan da ke cikin gafaka sun fi komai. Ka duba shafin ƙarshe, inda mai kwafe yake rubuta sunansa da na ubansa da nasabarsa, da bayan bango inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Ka ɗauki hoto a inuwa, kada ka ja takardar da ta manne, kada kuma ka yarda a liƙe ta da roba mai zafi, tana cin tawada. Sai takardar rabon gado ta alƙali, rasit na haraji, tsohon fasfo na aikin hajji, da katin aikin mahaifinka na masaƙa. Wannan katin kada ka raina shi. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma a irin waɗannan rajistoci ne laƙabi ya kan zama suna na dindindin, akawu ya tambayi mutum daga ina, ya rubuta amsar a gurbin suna. In ka ga takardun da suka girmi katin babu Wangara a cikinsu, ka kusa gano ranar haihuwar sunan.

Wajen nema kada ka tsaya a rubutu ɗaya. Larabci ba shi da harafin ga, sai a rubuta da ƙaf ko kaf ko gain, ka ga Wanƙara, Wankara, al-Wanƙari. Faransawa Ouangara suke rubutawa. A bakinmu kuma Bawangare ne da Wangarawa. Kada kuma kamannin asali ya ruɗe ka: Mallawan Zazzau, gidan Malam Musa, inda sunan Bamalli ya fito, su ma da Malle ake danganta su, amma Fulani ne, hanyarsu daban.

A nan Kaduna wurare biyu ne za su yi amfani, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House da ke titin Raɓa, tsohon gidan Sardauna. Amma kada ka sa rai za a buɗe maka fayil mai sunan gidanku. An jera takardun Turawa ne bisa lardi da gunduma, na Kano ƙarƙashin Kanoprof, na Zariya Zarprof, na sakatariyar Arewa SNP. Rahoton ƙiyasin haraji da littafin gunduma suna ba da tarihin kafuwar gari, da sunayen dagatai da masu unguwanni, da ƙabilu da sana'o'in mazauna. Talaka ba kasafai sunansa ke fitowa ba sai in shari'a ta biyo ta kansa. Kuma da sunan gundumar wancan zamani ake nema, ƙananan hukumomin yau daga gyaran 1976 suka samo asali. Wanda ya je da sunan gari da kimanin shekara, zai yi aikin kwana biyu. Wanda ya je da suna kawai zai gaji ya dawo.

Yaɗuwar kuma a takarda ɗaya za ka gan ta. Ka ja layi biyar: suna, inda aka haife shi, inda ya rasu, sana'a, dalilin tashi. In ka cika na mutum ashirin ko talatin, ka ɗora a taswira, za ka ga ba a warwatse suke ba, hanyoyi suke bi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watse zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, wato Accra. Jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa sun ja mutane Kano. Dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917 ya ja ma'aikata Kaduna, masaƙu suka ƙara. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta Gana ta yi a 1969 ta dawo da gidaje da yawa Arewa da sunayen da suka samo a can. In akwai reshen gidanku da ya dawo a wannan shekara, ta yiwu sunan daga Gana ya zo Kano, ba daga Kano ya je Gana ba. Wannan kai ka fi ni damar bincikawa. Ka je wajen sarkin Wangara da limamansu da goronka, ka tambayi ko sun san gidan.

Shafukan intanet masu ƙidaya suna ƙasa-ƙasa kada ka dogara da su, rubutu suke ƙirgawa, ba su san wa ya haifi wa ba. Gwajin jini na asali kuma zai iya nuna maka ko kai da wani mai sunan kun haɗa kaka ta wajen uba, amma ba zai gaya maka sunan kakan ko garinsa ba. Kuma duk abin da ka gano, kada ka taɓa rubutun sunan yara a fasfo da katin ɗan ƙasa da takardun banki. Harafi ɗaya in ya saɓa, wahalar gyaransa ta fi ta binciken.

Ka fara da gwaggonku ta Tudun Wada kafin azumi, tunda ita ce babba a yanzu. In ka sami sunan garin da aka binne kakan mahaifinka da sarkin da ke kan gado lokacin, ka aiko mini, zan shiga gidan takardu in nemi fayil ɗin gundumar in ɗauko maka hotonsa. Ka gai da maiɗakinka da yara, da mutanen zango. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Kaduna