Rahoton Ayyukan Reshenmu Na Tsoffin Sojoji Na Bana

Assalamu alaikum yan uwa yan mazan jiya, da iyayenmu mata da mazajensu suka rigamu gidan gaskiya. Ga takaitaccen bayanin abinda reshe yayi bana, lissafin kudi kuma ma'aji zai karanta da bakinsa ranar taro, kowa yazo da tambayarsa.

Ranar 15 ga Janairu mun fita faretin tunawa da yan mazan jiya kaman kullum, anyi addu'a an ajiye furanni. Sayar da tambarin tunawa kam bai kai na bara ba, mutane kalilan ne suka zaga kasuwa da tasha dashi, sauran sai ranar rabon shinkafar azumi muka ga fuskarsu, Allah ya kyauta.

Babban abinda ya samemu bana shine rasuwar Baba Sajan, Allah ya jikansa da rahama. Yaran yanzu sun sanshi ne a matsayin tsohon dake zama bakin ofis da jakar takardu, basu san cewa yana cikin kuratan da aka dauka a 1967 da yakin basasa ya barke ba, yana bakin daga har aka ajiye makamai a Janairun 1970, daga baya yaje Labanan aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Dinkin Duniya. Da yayi ritaya bai zauna ba. Shine ya hada yan sintirin unguwarsu ya koya musu yadda ake raba dare, kuma shi kadai ya hanasu dukan barawo in sun kama, yace a mikashi caji ofis.

Amma aikin da yafi yi mana shine na matan mamata. Mace zata zo da takardar sallamar mijinta a kulle cikin leda bata san inda zata dosa dan neman hakkin marigayin ba, Baba zai zaunar da ita ya duba lambar aikin marigayin, ya fada mata ta nemo shaidar rasuwa da hoto, ya cike fom da biron sa, wani lokacin ma kudin motar Abuja daga dan fanshon sa yake fitowa baya fadawa kowa. Duk fayil din da aka kammala bana ta hannunsa ya bi. Jakar tana ofis yanzu, akwai wadanda bai karasa ba.

Dan haka kwamiti yana rokon kannenmu da suka yi Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta kasashen Afirka ta Yamma, ku da idonku ke gani kuma kun iya waya, mutum biyu su fito su karbi wannan aiki kafin tantancewar fansho ta gaba. Wanda keda bashin kudin wata ya biya dan Allah. Taro Asabar din farkon wata bayan la'asar, daga nan zamu wuce gaida iyalan Baba.

Sakataren reshe