Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Karatun Ilimin Rigakafi

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, na kuma ga ƙorafinki cewa darasin manufofin rigakafi yana cinye miki lokaci, ke dai a bar ki da ɗakin gwaje-gwaje da nazarin garkuwar jiki. A kan wannan nake so in ja hankalinki.

Ban raina wancan ɓangaren ba, domin wajibi ne ki san yadda jiki yake gane ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, ya tanadi abin yaƙarta, ya kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru. Amma ki tuna abin da ya faru a Kano a 2003. Maganin ɗigon shan-inna yana nan da ingancinsa, sai magana ta bazu cewa yana hana haihuwa, gwamnatin jiha ta dakatar da shi har Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har ta isa Indonesiyar kanta a 2005.

Kada ki yarda a koya miki cewa jahilci ne kawai ya jawo haka. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye suka kai ƙara cewa ba a yi musu bayani ba. Trovan ba rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kuma magidancin da ya ce a asibiti komai sai ya saya, amma wannan ɗigon ana bin sa da shi har zaure kyauta, tambaya ya yi mai ma'ana, kuma ya cancanci amsa. Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, da matan nan masu rataye da akwatin sanyi, suna shiga gida-gida, suna shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, suna rubutu da alli a jikin bango. Tara daga cikin ma'aikatan aka harbe a Kano a Fabrairun 2013, Allah ya jiƙansu. Da guminsu aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna.

Idan an tambaye ki illa, ki faɗi gaskiya. Ƙwayar da aka raunana a cikin ɗigon takan rikiɗa ta shanye ƙafa a inda yara da yawa ba su karɓa ba; bayyana wannan da dalilinsa ya fi ɓoye shi, don ranar da aka gano kin rufe abu ɗaya, sauran maganarki ta zube.

Game da aikin binciken kammala digirinki, shawarata ki dubi matsalar zafi. Yawancin alluran suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa kin san yadda watan Afrilu yake, kin san halin wutar lantarki. Ki karanta tarihin MenAfriVac, allurar rigakafin sanƙarau, wadda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka kuma amince ta yi kwana huɗu a waje da firiji. Ki kuma tambayi malamanku dalilin da ya sa cibiyar sarrafa rigakafi ta Yaba a Legas ta daina sarrafa alluran mutane a 1991, alhali ta Vom a jihar Filato tana ta yin na dabbobi.

Idan kin zo hutu, ina so ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwa ranar rigakafi, ki zauna kan benci tare da iyaye mata, ki saurari abin da suke tambaya da yadda ake ba su amsa. Na tura miki kuɗin littattafan, ki sanar da ni idan sun shiga. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.