Wasiƙa daga Yamai a kan maganar yaron nan

Assalamu alaikum, aminina.

Ina gajiya, ina iyali, yaya mutanen Tawa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da yankewar wuta.

Saƙonka ya iso. Ka ce babban yaronka ya kafe sai koyon aikin tur da walda, kai kuwa kana so ya zama ma'aikacin biro, kana neman in ja masa kunne. To, ka yi haƙuri, bayan yaron nake.

Wani ɗan maƙwabcinmu da ke karatun kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni ya nuna mini wani inji a wayarsa, a cibiyar CERN da ke iyakar Suwis da Faransa. Rami ne zagayayye mai kilomita 27, kusan mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara ƙwayoyin zarra don a ga abin da zai fito. Da shi aka gano ƙwayar Higgs, wadda ke bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyi, a 2012. Shi yaron lissafin yake ta zuba mini, ni kuwa idona na kan ƙarfen, ka san hali.

Ɗaya daga cikin na'urorin da ke kama tarwatsin, CMS, nauyinta tan 14,000 ne. Amma a tsakiyarta akwai ƴan idanu na silikon da kowane bai wuce kaurin gashi biyu ba, kuma dole a san mazaunin kowane, in ba haka ba awon duka ya tashi a banza. A sama aka haɗa ta gunduwa-gunduwa, aka riƙa zura ta cikin rami da igiyoyin ƙarfe. Gunduwa mafi nauyi ta kusa tan 2,000, tsakaninta da bango ƴan santimita ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai duwatsun cikinta ne, masu haske kamar gilas, guda 75,848, da aka yi a Rasha da Sin daga dalma da tungsten. Hasken da suke bayarwa in tarwatsin ya buge su yana sauyawa da zafi, don haka ake riƙe su a digiri 18, ba a yarda ya gota ko da kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Mu da muke auna ƙarfe da hantsi, azahar ta yi ya kumbura ya ƙi shiga, sai mu ɗauko guduma mu ce zai shiga da ikon Allah! Wani sashen CMS kuma na tagulla ne, daga kwanson harsasan igwa na sojan ruwan Rasha da aka narkar. Ƙafafun da ke ɗauke da ƙaton maganaɗisun na'urar a Pakistan aka ƙera su, kuma ba farfesoshi ne suka riƙe wutar waldar ba.

Kuma wallahi su ma aikin hannu ya taɓa kayar da su. Ranar 19 ga Satumba 2008, ƴan kwanaki da kunna injin, wani haɗi da aka liƙe da dalma tsakanin maganaɗisu biyu ya saki. Wuta ta tashi ta huda bututu, iskar heliyom da ke sanyaya maganaɗisun ta fashe, sai da aka ciro maganaɗisu 53. Ba a sake kunnawa ba sai Nuwamba 2009.

Ban ce ɗanka zai je Suwis ba. Amma ko a nan, famfunan ruwa da injinan niƙa da manyan motocin hanyar Agadas suna jiran mai iya karanta zane ya fitar da ƙarfe daidai awo, kuma irinsu ba su da yawa. Sharaɗina guda: kada ya bar lakkol. Ya shiga ta koyon sana'a ya riƙe lissafi, don wanda bai san kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, ɗan bugun guduma zai ƙare.

In an yi hutu ka turo mini shi, akwai wurin kwana. Ka haɗo shi da kilishi, kada ka ce ka manta. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.