Sikeli kaɗai ba ya nuna lafiyar dattijo

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin ma'aikatan lafiya kan yadda ake auna tsofaffi. Sau da yawa dattijo zai hau sikeli, a haɗa nauyinsa da tsawonsa, a ce masa ya rage ƙiba, shi ke nan. Amma wannan lissafi bai san bambancin kitse da tsoka ba. Bayan shekara 60 tsoka kan zaizaye da sauri, kitse ya maye gurbinta, har mutum ya yi teɓa alhali ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Wannan ke jawo faɗuwa da karaya. Abin da ya fi damuna, idan aka sa shi ramewa babu motsa jiki, tsokar da ta rage ma sai ta tafi.

Gwajin ba wuya. A auna ƙugu. A gwada ƙarfin damƙar hannu: masana a Turai sun ɗauki ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, a matsayin rauni. A sa shi ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba. In ya wuce daƙiƙa 15, a zurfafa bincike.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum