Wasiƙa ga Iyaye: Sabon Darasi a Ɗakin Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, muna sanar da ku cewa a wannan zango 'yan babban aji sun fara koyon rubuta umarni ga ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura, wato irin baƙar ƙwayar nan mai ƙafafu da ake samu a cikin rimot na talabijin da injin wanki da inbatar sola. Wasu daga cikinku sun tambaya ko za a ƙara kuɗi saboda manhajar da ake aikin da ita. Ba za a ƙara ko sisi ba, kuma ga dalili.

Yaran suna rubutu ne da yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970. To amma ita ƙwayar ba ta jin C, lambobin sifili da ɗaya kaɗai take ganewa, don haka sai an sa mata tafinta, manhajar da za ta karanta abin da yaro ya rubuta ta mayar da shi harshen na'ura. Tafintan da muka zaɓa shi ne avr-gcc, reshe ne na babban tafintan nan mai suna GCC wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987 da sharaɗin kowa yana da damar kwafa da rabawa. Muna jaddada wannan ne domin kada wani ya ɗauka irin faifan satar fasahar nan ne da ake sayarwa a kasuwa. Masu abin ne da kansu suka bayar da shi kyauta.

Sau ɗaya muka sauke manhajar Arduino daga intanet, wato manhajar ƙananan allunan lantarkin da ƙwayar take zaune a kansu, tana ɗauke da tafintan da kuma avrdude mai tura umarnin zuwa cikin ƙwayar, muka zuba ta a filashi muka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ba a ƙara buƙatar data ba. Inda muka ɗan sha wuya shi ne allunan masu araha, waɗanda kwamfuta ta ƙi gani sam, sai da muka gano suna amfani da ƙwayar CH340 wadda take da tata ƙaramar manhajar daban.

Allon da yaran ke riƙewa Arduino Uno ne, mai ƙwayar ATmega328P. Wurin ajiye umarni a cikinta kilobait 32 ne kacal, wurin lissafi kuwa kilobait 2, abin da ko hoto ɗaya na waya ba zai shiga ba. A ganinmu ƙarancin nan shi ne babban malamin, domin yana tilasta wa yaro tattali da tunani kafin ya rubuta layi. Aikin farko shi ne sa ƙaramar fitilar da ke kan allon ta riƙa kamawa tana mutuwa duk daƙiƙa ɗaya. Wata ɗaliba ta manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi guda, tafintan ya ƙi ci gaba ya cika mata fuskar kwamfuta da ƙorafi. Ta yi kusan rabin sa'a tana bin layukan da yatsa kafin ta gano, da fitilar ta ƙyafta kuwa har ajin da ke maƙwabtaka da su sai da suka ji sowa.

Akwai abin da muke roƙonku. Allon yana aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 5, kada a bar yaro ya gwada haɗa shi da soket na gida. Haka kuma yanzu da hunturun Katsina ya kankama, busasshiyar iska tana tara wa jiki irin wutar nan mai tsirawa idan an taɓa ƙarfe, wadda take iya kashe ƙwayar nan take, shi ya sa muke koya musu su fara taɓa ƙarfen teburi kafin su ɗauki allo.

Duk mai tsohon kebul na firinta da ba ya amfani da shi, muna so, domin irin bakinsa allon yake da shi. Wanda kuma yake da laftof a gida yana iya aiko ɗansa da ita ranar Alhamis a sa masa manhajar.

Allah Ya saka da alheri. Wassalam.

Shugaban Makaranta