A Bar Wurin da Aka Yi Kisa Yadda Yake Har Masu Bincike Su Zo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi tsokaci a kan wasannin talabijin na masu binciken kisan kai, irin su CSI da aka fara nunawa a Amurka a shekarar 2000, waɗanda matasanmu na Samaru da Sabon Gari ke kallo a wayoyinsu. Dattawa da dama na ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa ina ganin akwai darasi guda a cikinsu da muke matuƙar buƙata.

Duk wanda ya kalla zai lura cewa kafin jami'an su tambayi kowa komai, sai sun zagaye wurin da igiya, sun sa safar hannu, sun ɗauki hotuna, sannan su ɗaga wuƙa da dabara su sa ta cikin leda. Wannan ba ƙirƙirar masu fim ba ce, domin tun 1910 wani Bafaranshe, Edmond Locard, ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Lyon, bisa fahimtar cewa mai laifi ba ya shiga wuri ya fita ba tare da ya bar wata alama ba.

A unguwanninmu kuwa, da zarar an ji kururuwa sai jama'a su yi dafifi su tattake sawun da ke ƙofar gida, wani ya ɗauki makamin yana nuna wa na kusa da shi, maƙwabta su kawo bokiti su wanke jinin saboda tausayin iyali, ana kuma gaggawar yi wa mamaci sutura kafin la'asar. Duk wannan da kyakkyawar niyya ake yi, amma ɗan sanda zai iso bai tarar da komai ba sai "an ce". Daga nan zargi ya faɗa kan duk wanda aka taɓa gani suna sa-in-sa da marigayin, shari'a kuma ta rataya a kan amsa laifi kaɗai.

Abin da ya fi damuna ke nan, domin hujjar kimiyya ba kama mai laifi kaɗai take yi ba, tana kuma wanke marar laifi. A Ingila a 1986, wani matashi ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya, amma gwajin ƙwayar halitta ta DNA, wanda Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano a 1984, ya wanke shi sarai. Ainihin wanda ya aikata, Colin Pitchfork, sai a 1988 aka yanke masa hukunci.

Tabbas finafinan suna zuzuta abin, suna fitar da sakamako cikin mintuna alhali aikin kan ɗauki makonni, kuma cibiyar DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 tana da nisa da Zariya. Amma tsare wuri ba ya buƙatar na'ura. Don haka ina kira ga Masarautar Zazzau ta umarci hakimai da masu unguwa da 'yan sintiri su riƙa hana jama'a shiga irin wannan wuri har jami'ai su iso, malamanmu kuma su yi wa al'umma bayanin matsayin shari'a game da ɗan jinkirta jana'iza domin likita ya duba gawar wanda aka kashe.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya